Katin Riga-kafi a Ƙofar Makaranta: Wa Zai Shiga, Wa Zai Koma Gida?

Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai ce a wata 'yar makarantar kuɗi da ke Tudun Wadan Zariya, ni kuma na rako ɗan ƙanwata za a sa shi nazire. Muna zaune a benci muna jiran layi, sai matar da ke gabanmu ta kwance baƙar leda ta zazzage takardu a teburin hedimasta: takardar haihuwa, hotuna huɗu, rasiɗin kuɗin fom. Ya jujjuya su, ya ɗago kai.

"Hajiya, ina katin riga-kafi?"

"Wane kati kuma, Malam?"

"Na asibiti, wanda ake rubuta alluran da aka yi wa yaro."

"Af! Ai wannan tun daminar da ɗakinmu ya yi yoyo ruwa ya cinye shi. Amma an yi masa, ga ma lambar nan."

Ta janyo yaron, ta naɗe masa hannun riga, ta nuna tabon da ke damtsensa na hagu. Hedimasta ya dubi tabo, ya dubi tsawon layi, ya ce, "To, ba komai, Allah ya raya," ya rubuta suna.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai dai tabon nan shaidar allura ɗaya tak yake bayarwa, wato BCG ta tarin fuka, wadda ake yi wa jariri a kwanakin haihuwa. Bai ce komai ba game da abin da ya biyo baya, kuma abin da ya biyo bayan shi ne mai yawan. A jadawalin Najeriya, bayan na ranar haihuwa, uwa za ta koma asibiti idan yaro ya yi mako 6, ta koma a mako 10, ta sake komawa a mako 14. A waɗannan zuwa uku ne ake yin allurar cinya mai suna Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya da ke jawo sanƙarau da ciwon huhu ga ƙananan yara. Tare da ita ake ɗiga maganin shan inna da na gudawa, a yi ta ciwon huhu. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Wannan ta ƙarshen ba ta daɗe da shiga jadawali ba, tsakanin 2019 da 2020 aka ƙara ta, shi ya sa har yanzu za ka ji uwa na cewa "ai mun gama tun yana wata tara."

Zuwa shida ke nan, aƙalla. Wanda ya san rayuwar matan cikin gari ya san abin da zuwa shida ke nufi: kuɗin keke Napep, izinin maigida, wanda za a bar wa sauran yara, da asarar cinikin yini guda. Da yawa sukan fara da ƙarfinsu su tsaya a hanya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 ne kawai na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala alluran farko gaba ɗaya. Na 2023 zuwa 2024 ya nuna an ɗan motsa zuwa kashi 39. Yaran da ko allura ɗaya ta Penta ba su samu ba kuwa sun haura miliyan biyu, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

To mene ne haɗin wannan da makaranta?

Haɗinsu iska ce. Ka shiga ajin firamaren gwamnati a Sabon Gari ko cikin birni da hantsi, lokacin bazara: yara sun cika ɗaki maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, taga ɗaya a rufe saboda ƙura, ana shan ruwa da kofi guda. Ƙyanda ba ta neman abin da ya fi haka. Ƙwayarta kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ɗauke da ita ya fita. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna da shi, kusan tara za su kamu. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne yaro yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su feso, lokacin da uwarsa ke ganin mura ce da jan ido, ta ba shi farasitamol ta ce ya tafi kada ya makara. Kafin malamin aji ya gane ya sallame shi gida, aikin gama ya gama.

Masana sun auna cewa mutum ɗaya mai ƙyanda kan iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya. Daga nan aka fitar da adadin da ake yawan ambata: sai kusan kashi 95 cikin 100 sun samu riga-kafi kafin cutar ta rasa hanyar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Mu sauko da shi cikin aji. Idan yara sittin ne, uku kacal aka yarda su zama ba su da kariya. Ukun nan kuwa tuni akwai masu su: yaron da likita ya hana a yi masa saboda wata cuta da ta raunana garkuwar jikinsa, da wanda aka yi masa sau ɗaya amma allurar ba ta kama ba. Wadda ake yi a wata tara tana kama yara wajen 85 cikin 100 ne, dalilin maimaita ta ke nan. Saboda haka uban da ya ce "ɗana ne, ni na san abin da zan yi da shi" yana cin rabon wasu yaran ne, waɗanda iyayensu ba su da zaɓi.

Kuma cutar ba a aji take kwana ba, gida take bin yaro. A layinmu an yi haka shekarun baya. Yarinya 'yar aji ɗaya ta dawo da zazzaɓi, aka ce baƙon dauro ne, aka killace ta a ɗaki yadda aka saba, ba wanka ba shan iska. Ita ta warke, ta koma makaranta da ɗan dabbare-dabbare a fuska. Ƙaninta da ke goye, ɗan wata bakwai, wanda lokacin allurarsa bai ma yi ba, shi ne aka kwana da shi a asibiti mako biyu yana numfashi da ƙyar. Tsofaffi suka ce ƙyandar ce ta shige ciki. Likita zai ce ta sauka a huhu. Ya rayu, amma shekarar nan gaba ɗaya daga gudawa sai tari, daga tari sai ciwon kunne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne wajen masana: ƙyanda kan goge wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta koya, ta bar yaro a buɗe ga cututtukan da da ya fi ƙarfinsu. Ga ta kuma da taɓa ido, musamman ga yaron da ba ya samun abinci mai kyau.

Akwai ƙorafin da na sha ji daga masu ilimi, kuma yana da ƙarfi. Sukan ce: cututtukan nan jarirai suka fi kashewa, 'yan ƙasa da shekara biyu, yaro kuwa sai ya shekara shida yake shiga firamare. Wanda zai mutu ya riga ya mutu, wanda ya tsira ya tsira, to tambayar kati a ƙofar makaranta ba ihu bayan hari ba ce?

Rabin maganar gaskiya ce. Sharaɗin makaranta ba zai taɓa maye gurbin zuwa asibiti a mako shida ba. Amma uwar da ta san wata rana za a tambaye ta katin nan daban take riƙe shi, kuma daban take ɗaukar zuwa na biyar da na shida. Yanzu ma ai yara ba sa jiran shekara shida, 'yan shekara biyu da uku sun cika nazire da gidajen raino. Sannan mashaƙo ta zo ta ƙarasa rushe ƙorafin. Tun ƙarshen 2022 da ta ɓarke, Kano ce cibiyarta, ta bazu zuwa Yobe, Katsina, Bauchi, Borno da sauransu, ta kashe mutum sama da dubu. A jiharmu ta yi ɓarna a Kafanchan a 2023, a 2025 kuma ta shigo mana har Tukur-Tukur a nan Zariya ta ɗauki yara. Waɗanda ta fi kamawa ba jarirai ba ne kawai, 'yan makaranta ne har zuwa shekara goma sha huɗu, kuma akasarinsu ba a yi musu Penta ba ko ba a kammala ba. Ko a Legas sai da ta shiga makarantar kwana ta King's College a 2025, ɗalibi ya rasu. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya toshe, gubarta kuma ta bi jini ta taɓa zuciya. Yaran da aka tsallake suna jarirai ba ɓacewa suke yi ba. Girma suke yi, su taru a aji ɗaya, shekara bayan shekara, kamar ƙirare na jiran ashana.

Ƙasashen da suka riga mu sun daɗe da gane cewa ƙofar makaranta ce wuri ɗaya da kusan kowane yaro zai bi. Jihar Massachusetts ta Amurka ta kafa dokar a 1855, lokacin agana, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1922 cewa makaranta na da ikon hana yaron da ba a yi masa ba shiga. Kaliforniya ta soke uzurin "ra'ayina bai yarda ba" a 2015 bayan ƙyanda ta ɓarke daga wurin wasan Disneyland. Italiya ta wajabta allura goma a 2017, Faransa goma sha ɗaya a 2018, Jamus ta wajabta ta ƙyanda a 2020. Tsarin Italiya ne ya fi jan hankalina, domin sun raba abin biyu: ƙaramin yaro ba zai shiga nazire ba sai da shaida, amma wanda ya kai shekarun karatun dole ba a korarsa, iyayensa ake ci tara. Sun ƙi yarda a hukunta yaro da jahilci saboda laifin uba.

Mu ma ba a ce ba mu da doka ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗora wa iyaye da masu riƙo alhakin kammala wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu riga-kafinsa, har da tara ga wanda ya ƙi, jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar kare yara a 2018. Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. A teburin hedimasta ne dokokin nan biyu suke karo da juna.

Domin kuwa Zariya ba Milan ta Italiya ba ce. A can, hana yaro makaranta barazana ce da ke girgiza iyaye. A nan akwai gidajen da ake lallashi kafin su saki yaro, musamman 'ya mace da ake ganin tallan gyaɗa ko awara ya fi kawo abin kai wa bakin salati. UNICEF ta daɗe tana kiyasta yaran Najeriya da ba sa zuwa makaranta da miliyan goma da rabi. Ka ce wa irin wannan uban "babu kati babu shiga", ai mai neman kuka ne ka jefa da kashin awaki. Zai ce alhamdu lillahi, ya juya da 'yarsa, an rasa allurar an rasa karatun. Kuma gidajen da ba su da kati su ne dai gidajen da ba su da kuɗin fom. Dokar da aka yi babu tunani kan talaka kaɗai za ta sauka, ɗan malamin jami'a a Samaru ko ɗan ma'aikacin asibitin Shika katinsa na cikin fayil tun ranar suna.

Sai batun zargi, wanda bai kamata a yi masa dariya ba. Mutanenmu ba haka kawai suka tsargu ba. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara goma sha ɗaya cikin waɗanda aka sa a gwajin suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Trovan magani ne, ba riga-kafi ba, amma wa zai tsaya bambancewa bayan an binne yara? Da jita-jitar cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa ta taso a 2003, ta tarar da ƙasa a jiƙe. Kano ta dakatar da ɗigon shan inna har tsakiyar 2004, Kaduna da Zamfara ma sun ɗan dakatar, cutar ta yaɗu daga nan zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da hakimai da dagatai da masu unguwa da suka riƙa ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a. An ga shan inna na daji, wato asalin ƙwayar cutar, na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020. 'Ya'yan waɗanda aka ce za a hana haihuwa kuwa su ne suka cika azuzuwan da muke magana a kai.

Tambayar da na fi jin nauyinta ita ce wadda wani dattijo ya yi mini a majalisa: "Ɗana, me ya sa wannan kyauta ce har gida ake biyo mu da ita, amma idan zazzaɓi ya kama yaro sai na sayar da akuya?" Ban da amsar da za ta wanke gwamnati. Abin da na iya ce masa, "Baba, da za ka tafi aikin Hajji, an yi maka allurar sanƙarau?" Ya ce an yi, har da ta shawara, ga katin a jakarsa. Saudiyya ba ta barin alhaji ya shiga sai da shaidar nan, kuma ban taɓa jin maniyyacin da ya fasa tafiya saboda ita ba. Dalilin ɗaya ne: taro mai yawa a wuri ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, Sayyidina Umar kuma da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce har yanzu ban amsa masa maganar akuya ba. Gaskiyarsa.

A ganina a tambayi katin, a kowace makaranta, a kuma tambaya da gaske, ba irin tambayar hedimastan Tudun Wada ba. Amma kada rashinsa ya mayar da yaro gida. A rubuta sunansa, ya shiga aji, a ba iyaye wa'adin zango ɗaya. A makon ɗaukar ɗalibai ma'aikatan asibitin unguwa su kawo akwatin sanyinsu harabar makaranta, wanda katinsa ya ɓata a duba rajista ko a cike masa abin da ya dace da shekarunsa, tunda manyan yara ma akwai tasu allurar ta mashaƙo da sarƙewar haƙora. Wanda likita ya ce kada a yi masa, takardar likita ta wadatar. Wanda ya ƙi da gangan bayan an yi masa bayani, a bar mai unguwa da liman su zauna da shi kafin a kai ga hukuma. Idan cuta ta ɓarke kuwa, nan ne rajistar za ta yi rana, domin makaranta ta san yaran da za a fara yi wa allura da waɗanda za su zauna gida har ƙura ta lafa.

Kuma duk tsarin da ya tsaya a makarantar boko ya bar rabin garin a waje. Zariya garin karatu ce tun kafin a gina Barewa da Alhudahuda. Yaron da ya tashi daga boko da azahar Islamiyya zai tafi da la'asar, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ba sa zuwa boko sam. Almajiran da aka kawo daga ƙauyuka, su kwana su ashirin a zaure ɗaya, babu wanda ya taɓa tambayar katinsu, wataƙila ma ba a taɓa yanka musu ba. Alaramma ba zai kori almajiri saboda takarda ba, kuma bai kamata a nemi ya yi hakan ba. Amma zai iya buɗe zaurensa ga masu allura idan wanda yake ganin girmansa ne ya zo masa da maganar.

Gwamnati ma sharaɗin ya hau kanta. Ba ka tilasta wa mutum abin da ba ka ajiye masa ba. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, ta BCG ta ashirin, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a yi amfani da ita cikin awa shida ko a zubar. Saboda tsoron asara, sau da yawa ma'aikaciya kan ce wa uwa, "Yau ba mu da yawa, ki dawo ranar allura." Uwar da ta biya kuɗin mota ta zo daga bayan gari ba lallai ta dawo ba. Ga wadda ba a gaya mata cewa Penta kan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu ba, yaro ya kwana yana tsala kuka, da safe maigida ya rantse ba za a sake kai masa ɗa ba. Magana ta minti ɗaya da ta hana wannan. Sai kuma abin da kowa ya sani: ranar da kati ya zama tikitin shiga makaranta, ranar za a fara sayar da shi, kamar yadda aka riƙa shafa wa yara tawada a yatsa ba tare da an ɗiga musu komai ba. Maganinsa rajistar asibiti da za a iya komawa a duba, da kuma kada a sa tsoron kora, domin tsoron kora ne ke kai uwa wajen mai katin bogi.

Da muka dawo gida ranar nan na tambayi ƙanwata ina nasu katin, tunda mu ma hedimasta cewa ya yi mu kawo daga baya. Ta ce, "Haba Yaya, ni da ban taɓa fashin zuwa ba?" Ta shiga ɗaki ta daɗe tana bincike, can ta fito da shi daga ƙasan akwatin lefenta, a naɗe cikin leda tare da katin awon ciki. Muka buɗe. Layin haihuwa a cike, mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, wata tara, duk da kwanan wata da sa hannu. Layin wata goma sha biyar babu komai. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wallahi ba wanda ya ce mata ta dawo. Na ɗauki hoton katin a wayata, ita kuma ta aika a tambayo mata ranar da ake allura a asibitin unguwa.